Tukunyar dafa ƙwai ta lantarki: wata huɗu ina amfani da ita

Ɓare dafaffen ƙwai ya daɗe yana ba ni ciwon kai. Ɓawon sai ya tafi da rabin farin, ƙwan ya fito duk ramuka, har in ji kunyar ɗora shi a kan ɗan wake idan an yi baƙi. Shi ya sa da na ga wannan 'yar tukunya a kasuwar Sabon Gari, mai cin ƙwai 7, na saye ta.

Da tururi take dahuwa. Ana zuba ruwa kaɗan da ɗan kofin awo da ta zo da shi, a jera ƙwan, a rufe. A gindin kofin akwai allura ta huda ƙwan ta ɓangaren da ya fi faɗi, inda iska take. Cikin kamar minti 15 ruwan ya ƙone, ta yi ƙara. Nan take nake juye su cikin ruwan sanyi, na randa ma ya wadatar, su yi minti 10. In ƙwanƙwasa, in murza a tafin hannu, ɓawon ya zame da 'yar fatar nan ta ciki gaba ɗaya. Ranar farko sai da na kira ƙanwata: “Zo ki gani, sumul!” Gwaiduwar ma rawaya shar, babu koren zoben nan da ke fitowa in ƙwai ya wuce dahuwa.

Amma fa kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Ƙwan da kaza ta saka jiya yana manne wa ɓawonsa ko da tururi ne. Yanzu in na sayo kiret, sai ya yi mako guda kafin in dafa.

Abu biyu ne ba su yi mini ba. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, sai dai a koma kan gas. Ruwan rijiyarmu kuma yana bar mata farin dabbare a ƙasa, duk mako sai na goge da lemun tsami. Ƙwan zabi da na saya da damina, allurar da kyar take huda shi saboda taurin ɓawo, na daina hudawa, kuma ya dahu lafiya.

Mai sana'ar ƙwai a tasha, guda 7 ba za su kai ta ko'ina ba. Mu da muke mutum 5 a gida, kullum da safe tana kan teburi.