Abin da ya kamata mai saye ya duba a shagon sigar naɗin hannu

A unguwar Ybor City ta birnin Tampa da kuma titin Calle Ocho na birnin Miami, duka a jihar Florida ta Amurka, har yanzu akwai ƙananan shaguna da mai naɗin taba yake zama gaban teburin katako da wuƙarsa mai faɗi, yana naɗa sigar, wato babban karan taba da ake naɗewa da ganyen taba maimakon takarda, a gaban idon masu saye. Sana'ar ta kafu a Tampa tun 1886, lokacin da Vicente Martinez Ybor ya buɗe masana'antarsa, ma'aikata daga Kyuba suka yi ta tururuwa zuwa garin. Wanda ya shiga irin wannan shago karon farko yakan rasa na ɗauka, domin karan tabar duk kama suke a ido, alhali bambancinsu yana da yawa.

Zaɓi na farko, kuma wanda baƙi suka fi yin kuskure a kansa, yana tsakanin karan da aka gama naɗawa yanzu da wanda ya kwana biyu a ma'ajiya. Na kan tebur ya fi jan hankali, amma ganyensa a jiƙe yake, saboda sai an yayyafa masa ruwa kafin ya naɗu ba tare da ya yage ba. Irin wannan kara yakan yi ta mutuwa, ya ci wuta ta gefe guda. Wanda aka ajiye makonni ko watanni a ɗakin da danshinsa ya kai kusan kashi 70 cikin 100 shi ne ya daidaita, kuma a ganina shi ya fi cancantar kuɗin mutum.

Daga nan sai a tambayi abin da ke cikin karan. Kowace sigar tana da kashi uku: ganyen ciki, ganyen da ya ɗaure shi, da ganyen rufi na waje. Idan na ciki dogayen ganye ne da suka miƙe daga wannan baki zuwa wancan, karan zai ci wuta a hankali, tokarsa kuma ta tsaya. Idan guntaye ne da suka rage daga yanka, farashin ya kamata ya sauka sosai. Mai shagon kirki ba ya ɓoye wannan.

Ganyen rufi shi ne inda ra'ayi ya fi rabuwa. Nau'in Connecticut, wanda ake nomawa a ƙarƙashin inuwa, launinsa fatsi-fatsi ne kuma ɗanɗanonsa ba shi da kaifi. Maduro baƙi-baƙi ne saboda ya fi daɗewa ana tsuma shi, yana da ɗan zaƙi da nauyi a baki. Tsakaninsu akwai ganyen Kamaru, wanda ake nomawa a gabashin ƙasar da kuma Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, mai ƙamshin yaji-yaji da fata mai ƙananan ƙuraje; siriri ne ƙwarai, don haka yana saurin tsagewa idan iska ta bushe, abin lura ga wanda zai kai shi gida a lokacin hunturu. Sai dai duhun launi ba ya nuna ƙarfin taba, domin ƙarfin yana fitowa ne daga ganyen ciki, musamman na saman tsiron da ya fi shan rana. Tabar Nikaraguwa ta yankin Estelí ta yi suna wajen ƙarfi, ta Jamhuriyar Dominika kuwa galibi ta fi sauƙi.

Batun girma bai da wuya. Girman da ake kira Robusto inci 5 ne mai kauri, Corona ta fi shi siranta, Churchill kuwa inci 7 ne, yakan ɗauki fiye da awa guda.

A duba karan da kyau kafin a biya, a nemi izini a ɗan matsa shi a hankali. Wuri mai tauri kamar dutse yana hana hayaƙi wucewa, wuri mai rami kuma alamar naɗi ne na gaggawa. Ƙananan huda a jikin ganye aikin ƙwaron taba ne, kuma dalili ne na barin akwatin baki ɗaya. Duk wanda ya ce yana sayar da sigar Kyuba a shagon Amurka a yi hattara da shi, domin takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Kyuba a 1962 ya hana cinikinta a ƙasar. Abin da ake samu bisa doka shi ne tabar da aka samo irin shukarta daga Kyuba aka noma a wasu ƙasashe.

Naɗin hannu ba ya rage illa. Babban kara guda yana iya ƙunsar taba kwatankwacin kwalin sigari cikakke, kuma yana jawo kansar baki da maƙogwaro ko da ba a zuƙi hayaƙin zuwa huhu ba. Dokar Amurka tun 2019 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba. Wanda ya yanke shawarar saye duk da haka, gara ya ɗauki kara ɗai-ɗai daga nau'i biyu ko uku maimakon akwati guda, ya kuma nemi a sa masa su a leda mai rufewa tare da ƙunshin riƙe danshi.