Mai gyaran armuwar ta iya aiki, amma ta kusa raba ni da zanen Inna

A WhatsApp wata ƙawata ta turo mini lambar wata yarinya, wai gida take zuwa ta gyara wa mata armuwar. Dariya na fara yi, yanzu ninkin kaya ma sai an biya? To amma tawa ta kai in zan buɗe sai na tare ƙofar da gwiwa kada kaya su zubo mini. Shekara 11 da aure, ankon kowane biki da suna yana ciki, har da atamfofin lefe da ko tela bai gani ba. Ga hunturu ya kama, ƙurar Damagaram kuwa ba ta sallama, ƙofa a rufe ma sai ka tarar ta kwanta a kan shadda. Muka shirya a jikka 7, kuɗin kabu-kabu daga Sabon Gari zuwa nan Birni a kaina.

Ranar Asabar da hantsi ta iso, yarinya ce ƙarama mai ladabi. Tabarma uku ta shimfiɗa, ta ajiyewa, ta kyauta, ta zubarwa, sannan ta kwashe komai. Ita ta nuna mini hanyar gara a bayan katako, ta ce a janye armuwar ɗin daga bango. Kowace riga ta haɗa ta da zanenta da ɗankwalinta, hijabai ta naɗe su, kafur ta ƙulle a ƙyalle don kada ya taɓa tufa. In ta ɗaga abu sai ta ce, "Tanti, yaushe rabonki da wannan?" In ya wuce Sallah biyu, sai tabarmar kyauta. Har ina cewa a raina jikka 7 ma ta yi mini sauƙi.

Da azahar na shiga madafa, na bar ta da aljihun ƙasa. Na fito na tarar ta ɗaure buhu biyu. Washegari mai canjin tsofaffin kaya da roba ta yi sallama, na miƙa mata buhunan ko kwancewa ban yi ba, ta ba ni bokiti ɗaya da roba biyu, ina ta murna.

Daren Talata sanyi ya tsananta, na jawo aljihun in ɗauko zanen Inna. Wayam. Baƙin saƙi ne, irin na da, ƙyalle-ƙyalle masu faɗin yatsa huɗu da aka harhaɗa da hannu, shuninsa ya koɗe, bakinsa ya zare, ga ɗan rami inda garwashin turare ya ci. Da shi ta goya mu mu shida a Mirya. Tun rasuwarta, in kewarta ta taso mini shi nake lulluɓa. Na zazzage armuwar ɗin da aka gyara, na leƙa ƙarƙashin gado, maigida yana ta cewa in bari gari ya waye. Ban iya ba, na kira mai gyaran a daren. "Wallahi Tanti, na ɗauka tsumma ne." Tsumma! Har yau kalmar nan tana ci mini rai. Hijabin dala 300 sai da ta tambaye ni sau biyu, amma abin da aka naɗe shi daban a leda, aka ɓoye can ƙasa, ba ta ga ya kai a tambaya ba.

Alhamis, ranar kasuwa, na shiga Kasuwar Dole tun safe. Na bi masu bosho ɗaya bayan ɗaya ina kwatanta mai canjin, wannan ya tura ni can, wancan ya ce bai san ta ba. Sai bayan la'asar na hango ta a gefe, ta baje kaya a ƙasa. Zanen ba ya cikin na sayarwa, da shi ta ƙunshe kayanta, ta ƙulle shi ƙulli biyu, duk ya yi buɗu-buɗu. Da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta ce jikka guda. Ban yi ciniki ba, na sayi zanen uwata da kuɗina.

Na san da laifina, da na kwance buhu da ba a kai nan ba. Amma ita ma mai gyaran, haƙurin nata a saƙon murya ta aiko, na daƙiƙa kaɗan, ko ta tako ta zo. Kuma tunda ana maganar, maratayan waya da ta sayar mini guda 12 tuni biyu suka bar tsatsa a kafaɗar farin leshina, wannan ma ban gaya mata ba.

Sati uku ke nan, bayan na mayar da kayan yadda ta koya mini, armuwar tana rufuwa da yatsa ɗaya, maigida yana samun hularsa ba tare da ya kira ni ba. Jiya ƙanwar maigida ta nemi lambarta. Na ba ta, na ce ranar kada ta ɗora tukunya, ta zauna kusa da tabarma ta uku har a gama. Zanen Inna kuwa na wanke shi da hannuna, yana akwatin ƙarfe, makullin a jakata.