Kabewar gona ko ta roba: wacce za ki jera a ƙofar gida a kakar Amurka?

Ƙanwata, barka da zuwa, ya baƙunta? Na ga tambayarki. Kin ce watanki uku da tarewa a Amurka, kin ga maƙwabta sun jera kabewa a baranda tun ƙarshen Satumba, abin ya ba ki sha'awa, sai kika shiga kanti kika tarar da iri biyu, ta gaske da ta roba, kin rasa wacce za ki ɗauka. Kin kuma tambaya ko wannan adon shi ne Halowin ɗin da ake faɗa. Shekarata tara a Columbus ta jihar Ohayo, duka biyun sun shigo gidana, don haka ga abin da idona ya gani.

Bari in fara da ta ƙarshen. Abu biyu ne suka haɗu a lokaci ɗaya. Kabewar da aka rarake cikinta, aka yanka mata ido da haƙora, aka sa kyandir, wannan ta Halowin ce, daren 31 ga Oktoba. Baƙin haure 'yan ƙasar Ailan ne suka zo da al'adar. Can gida wani abu mai kama da gwaza suke sassaƙawa, da suka iso nan suka ga kabewa ta fi girma da laushi. Ita kuwa kabewar da ba a taɓa ba, wadda ake jerawa da zangarniyar masara da busasshiyar ciyawa, alamar kaka ce kawai, murnar an kawo amfanin gona gida, kuma tana nan har bikin godiyarsu na Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Ni ba na sassaƙa fuska a gidana. Ta kakar nake yi, domin tana tuna mini da tsakar gidanmu idan an shigo da kabewa daga gona an kife ta a kan rumbu.

To, ga su nan gefe da gefe.

Ta roba, wadda wasu da soso mai tauri ake yi, ba ta da wata dawainiya. Ba ta ruɓewa, ba ta tara ƙuda, yaro ya jefar da ita ba abin da zai same ta. A farkon kaka ta fi ta gaske tsada idan mai kyau ce, amma ki jira washegarin Halowin, kantuna irin su Michaels sukan karya kuɗin kayan kaka sosai, sai ki saya ki ajiye wa baɗi. Aibinta uku ne. Ba ta da nauyi, iskar Oktoba sai ta kwashe ta ta kai gidan maƙwabta. Rana tana kashe mata launi. Sannan wata goma za ta yi tana cin wuri a ɗakin ajiya, ke kuma kin ce a ɗan ƙaramin gidan sama kuke. Kada ki kuskura ki sa mata kyandir, wuta take kamawa. Fitila mai batir ake sa mata. Iyakar labarinta ke nan.

Ta gona ita ce mai dogon bayani, domin ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan ne baƙo yake asarar kuɗinsa.

Manyan nan masu ruwan lemo da ake tarawa cikin kwali a ƙofar manyan kantuna irin su Walmart ko Kroger, don sassaƙa aka noma su. Yawancinsu dangin wani iri ne da ake kira Howden, sunan manomin da ya samar da shi a jihar Massachusetts. An zaɓe su ne don girma da faɗin ciki da ƙarfin kara, ba don tukunya ba. Namansu siriri ne, ga zare-zare, ga ruwa, ba garɗi. Ana iya ci, amma idan kika yi taushe da su miyar za ta tsinke. Su kansu Amurkawa ba da ita suke girki ba. Kabewar gwangwani ta kamfanin Libby's, da ake sarrafawa a garin Morton na jihar Illinois, jihar da ta fi kowace noma kabewa a ƙasar, da wani iri ake yin ta mai suna Dickinson, doguwa mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ba wanda zai kalle ta ya ce ado.

Abin da nake so ki nema shi ne waɗanda suka haɗa kyau da daɗi. Akwai Jarrahdale, 'yar asalin Ostireliya, fatarta toka-toka mai ɗan shuɗi, da tsaga-tsaga masu zurfi, cikinta kuwa ja jawur kamar manja. Akwai wadda suke kira Fairytale da wadda suke kira Cinderella, dukansu daga Faransa, shimfiɗaɗɗu ne, ana ɗora ɗaya kan ɗaya kamar jeren ƙwarya a ɗakin amarya. Akwai Long Island Cheese mai launin makuba mai haske. Ki ɗauki Jarrahdale ki ji nauyinta a hannu, za ki san nama ne cike da ita. A gonakin da ake buɗe wa jama'a a Oktoba da kasuwar manoma aka fi samunsu. Mu nan kusa da mu akwai garin Circleville da ke yin bikin kabewa a watan Oktoba, wanda aka fara tun 1903. Ranar da na fara zuwa na daɗe tsaye ina kallon wata da sai da motar ɗaukar kaya aka sauke ta.

Gargaɗi ɗaya, kuma don Allah ki riƙe shi. 'Yan ƙananan nan masu ƙuraje da wuya a murɗe, da ake sayarwa cikin raga don ado, ba a cin su. Ɗaci gare su irin na duma, kuma wannan ɗacin guba ne mai murɗa ciki da sa amai da gudawa. Duk kabewar da kika ɗanɗana kika ji ɗaci, ki tofar, ki zubar da ita duka.

Wajen daɗewa, ta roba ta ci gasa, ba gardama. Amma ta gona ma ba ta da raki kamar yadda ake zato. Wadda aka sassaƙa kwana uku zuwa mako guda take yi ta fara fumfuna ta zauna. Wadda wuƙa ba ta taɓa ba takan kai wata biyu zuwa uku, muddin wurin da sanyi-sanyi kuma a bushe, wajen digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyas. Tun a wajen saye ake gane mai daɗewa. Ki danna fatarta da farce, idan farcen ya shiga ba ta ƙosa ba. Ki juya ta ki duba gindinta, ta nan ruɓa take farawa. Guntun karan da ke kanta ya zama yana nan da ƙarfinsa, kuma kada ki ɗauke ta da shi; idan ya ɓalle kin buɗe wa ruɓa ƙofa. A ƙirji ake rungumarta kamar tulu.

Abokan gabarta zafi da daskarewa. Shekarata ta farko na ɗora wata babba a kan teburin katako kusa da inda ɗumin hita ke fitowa. Daga sama lafiya lau take, tana sheƙi. Ranar da na zo ɗagawa sai hannuna ya nutse a ƙasanta, ruwa mai wari ya riga ya ci fentin teburin, tabon yana nan har yau. Tun daga nan nake sa faranti ko kwali a ƙasa, ina ɗaga ta duk bayan kwana uku in duba. A waje kuma, daren da aka ce sanyi zai sauka ƙasa da sifili ki shigo da ita, domin idan ta daskare ta narke, ta zama lugub. Sai kurege. Na nan ba su da kunya ko tsoro, da rana tsaka za ki ga ɗaya zaune yana huda ta don ya kai ga 'ya'yan. Wadda ya ciza ta tashi daga ta ci.

Wasu za su ce ki shafa mata fenti ko ki fesa mata ruwan bilic don ta daɗe. Idan kin yi haka ta zama kabewar kan kabari, baƙin cikin mai taushe. Ni abin da ya fi ci mini rai a wannan al'adar ke nan: farkon Nuwamba ki bi layi ki ga kabewa lafiyayyu cike da kwandon shara, abinci ne sukutum. Tsumma da ruwa da ɗan binega sun isa goge ta.

Saboda haka ga yadda zan yi da ni ce ke. A cikin falo, inda hita ke aiki dare da rana, ki sa 'yan ƙananan roba biyu ko uku, ki huta. A ƙofa ko baranda, inda inuwa take kuma ruwan sama ba ya dukanta, ki ajiye ta gona mai ciwuwa guda biyu, babba a ƙasa, ƙarama a sama. Manyan Howden ɗin ki bar wa masu sassaƙa.

Kafin sanyi ya kankama, wajen tsakiyar Nuwamba, sai ki shigo da su ki fasa. Ki fere, ki yanka gutsu-gutsu, ki ƙulla a leda daidai tukunya ɗaya-ɗaya ki jefa a firiza. 'Ya'yan ki wanke ki gasa da gishiri, yara suna so. Alayyahu yana ko'ina, niƙaƙƙiyar gyaɗa marar sukari tana kowane kanti, yakuwa ce kawai sai kin leƙa shagon 'yan Afirka ko na Indiyawa, Indiyawan gongura suke ce mata. Jarrahdale ɗaya ta yi mini taushe sau huɗu bara, na ƙarshen da waina muka ci shi a watan Janairu, ƙanƙara na zuba a waje.