Dillalin da ya saida mini gida a Karkada da wata goman da na yi ina jiran banki

Mutane da dama sun tambaye ni ko su ba dillalin nan da ya saida mini gidana na unguwar Karkada a Damagaram nasu gidan, to ga abin da na gani da idona, ba zan kama sunanshi ba, wanda ya san ni ya san shi.

Da farko gaskiya na ji daɗin aikinshi. Sati biyu da ba shi gidan ya kawo mutum uku, biyu suka taya, ɗaya ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole ya ce miliyon 12 na sefa kuɗi hannu, ɗayan kuma mushen lakkol ne ya ce 14 amma banki za ta biya mai. Na tambayi dillalin nan sau biyu, na ce Malam ka tabbata bankin ta yarda? Ya ce "Alhaji an gama komai, sa hannu kaɗai ya rage, kwana ashirin ka ji kuɗinka." A kan wannan magana na sallama wa mushe, ya ba da kafin alƙalami miliyon ɗaya gaban shaidu biyu, na ce wa ɗan kasuwa ya yi haƙuri. Watan Yunin 2023 kenan.

Ashe ba a gama komai ba, dosiye kawai mushe ya kai, ko dubawa ba su yi ba. Da suka duba sai suka ce ba su riƙe gida jingina da takardar meri, sai da titir fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallakar fili, ni kuma akt da sesiyon ɗin da meri ta ba ni tun ina sayen filin shi ke hannuna, kamar yawancin mutanen unguwarmu. Dillalin da ya ce ya shekara goma sha yana wannan sana'a a Damagaram bai san haka ba? Ya sani mana, so yake a ɗaure ciniki tukuna. Nan dai zan ba shi haƙƙinshi, shi ya ɗauki takardun a moto ɗinshi ya yi ta zarya tsakanin meri da buron masu awon fili da wajen notar, wato mai tabbatar da takardun ciniki a hukumance, ya kawo mai awo har gida aka duba bornonin iyakar filin, rana ta dake shi sosai kuma bai taɓa ce mini in ba shi kuɗin esansi ba. Amma kuɗin takardun daga aljihuna suka fita, abin da da an faɗa mini tun farko sai in sa shi cikin farashi.

Muna cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wuta, bankuna suka koma ba mutum kuɗinshi na kanshi da ƙyar, layi tun asuba, balle bashin gida. Wannan ba laifin dillali ba ne, ba laifin mushe ba ne, kowa ya sha. Abin da ban yafe ba shi ne na ranar wata Juma'a cikin Oktoba.

Na taso daga masallaci na ce bari in biya in ga gidan don an ce mini damina ta taɓa katangar baya. Ina isa na ga an canza kwaɗo. Na ƙwanƙwasa, yarinya ƙarama ta buɗe, na leƙa sai ga tumaki biyu ɗaure a gindin darbejiyar da na dasa da hannuna, sun cinye ɓawonta har ya yi fari, ga igiyar shanya, ga jarkokin ruwa jere a zaure, an ma fara shafa shuɗin fenti a ɗakin da mahaifiyata ta yi jinya. Matar mushe ta fito ta durƙusa ta gaida ni, ta ce "Baba sannu da zuwa, ai dillali ya ce kun yarda mu shigo." Wallahi na rasa abin cewa, baiwar Allah ba ta san komai ba, mai gidan hayarsu ne ya tashe su. Na fita waje na kira shi, wai "Alhaji ai ciniki ya faɗa, kuma gida ba kowa lalacewa yake, taimako na yi." Da makullina, a gidan da miliyon ɗaya kacal na karɓa cikin 14, ba kira ba saƙo. Ni na ba shi makullin don nuna wa masu saye, ban ba shi don ya saukar da iyali ba. Daga ranar hannuna ya ɗauru, in na fasa cinikin sai na fidda mace da yara huɗu waje, wa zai iya wannan a garin da kowa ya san kowa, kuma miliyon ɗayan na riga na zuba shi a ginin da nake yi. Na kwana uku ban ci abincin kirki ba.

Sai kuma banki ta turo mai kimanta gida, ya zagaya minti goma sha biyar ya rubuta miliyon 11, kuma suka ce abin da za su riƙa yanka a albashin mushe duk wata ba zai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku ba, ga shi da sauran wani tsohon bashin moto a kanshi wanda bai faɗa ba, dillali kuma ya sani, da bakinshi ya gaya mini daga baya. Ga inshorar rai da suka ce dole. Abin da za su ba shi ya ragu sosai.

An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, kuɗi suka shiga ta hannun notar cikin Afrilu. Zama uku muka yi da mai unguwa kafin nan, mushe ya saida motonshi, yayanshi da ke aiki a matatar mai ta SORAZ ya cika mai, muka tsaya a 12 da rabi. Wato jikka ɗari biyar kan abin da ɗan kasuwar Dole ya taya ni, ita ma takardu sun cinye ta, ga wata shidda da suka zauna ba haya, ga siminti da ya hau kafin in koma kan ginina. Mushe kam mutumin kirki ne, har gida ya zo ya ba ni haƙuri, muna gaisawa har yau.

Ranar da kuɗi suka fito dillali ya riga ni isa wajen notar, yana neman la'adarshi a kan miliyon 14. Na ce a kan 12 da rabi zan biya, ya ce ai shi 14 ya ɗaura, ragin ni na yi. Na biya shi kan 12 da rabi ya karɓa yana ƙunƙuni. In mai sayenka kuɗi hannu ne, je wurinshi, yana da jama'a kuma ba shi da ƙyuya. In ka ji kalmar banki ka ce a nuna maka takardar amincewarsu a rubuce kafin ka karɓi ko dala, kuma ka riƙe makullinka. Ni dai filin da ya rage mini a hanyar Mirriya ƙanena na ba ya nema mini mai saye.