Lauyoyin kyauta da suka nemo mini ƙanina: taurari huɗu, na riƙe ɗaya

Tun da ƙanina ya fito ake tambayata wane lauya na ɗauka, nawa kuma na biya. Ban ɗauki lauya ba. Wani ofishin lauyoyi ne a nan Kano da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ba zan kama sunansu ba, domin ina da ƙorafi a kansu, kuma mutanen sun yi mini halacci. Mai buƙata ya same ni a Kantin Kwari in yi masa kwatance.

Ni yadi nake sayarwa. Ƙanina tela ne, shekararsa 19 a lokacin. Ranar Alhamis, 1 ga Agusta 2024, ya fita zanga-zangar tsadar rayuwa da kwalin indomi da ya rubuta "Yunwa" a bayansa. Na hana shi, ya ce, "Yaya, tun da aka cire tallafin mai ko ɗinkin Sallah ba ya ciyar da ni." Gaskiya ce an yi fashe-fashe a ranar, kowa ya gani. Shi kam bayan la'asar, a hanyarsa ta komawa gida, aka jefa shi mota tare da duk wanda ƙafarsa ta kawo shi wannan titin. Da yamma gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24, ko nemansa ba mu iya fita ba. Umma ta kwana kan sallaya.

Da aka sassauta dokar na shiga yawo. Wurin tsaro huɗu na je, amsa ɗaya: "Babu shi a littafinmu." Na je asibiti, har ɗakin ajiye gawa na leƙa. A ƙofar wuri na uku ne wani mai babbar riga ya ja ni gefe, ya ce ya san inda yaron yake, in kawo dubu 150 ya fito da shi kafin magariba. Na ba shi dubu 40 kafin alƙalami. A daidai bangon da muka tsaya an manna takarda wai beli kyauta ne. Har yau ban sake ganin ƙeyarsa ba.

Rana ta bakwai wani maƙwabcin shagona ya kai ni ofishin. Ɗaki biyu ne a saman bene, benci uku, fanka ba wuta. Mata sun shimfiɗa mayafai a baranda, kowacce da hoton ɗanta a hannu. Aka ba ni ƙaramar takarda mai lamba 63. Na zauna daga hantsi har azahar ta wuce, ina cewa a raina wannan ma ɓata lokaci ne.

Wadda ta saurare ni budurwa ce da ba za ta girmi ƙanwata ba, kuma ban ɓoye ba, na raina ta. Ba ta ce mini "sai haƙuri" ba, wanda na gaji da ji. Tambayoyi ta jero: cikakken sunansa, shekarunsa, kayan da ke jikinsa, wane titi, ƙarfe nawa, wa ya gani, wace irin mota. Da na ba ta labarin mai babbar riga sai ta ajiye biro.

"Malam, daga yau kada ka ƙara ba kowa ko sisi."

"To Barista, in ban bayar ba ai ba za su nuna mini shi ba."

"Ka bayar, sun nuna maka?"

Na yi shiru. Ta ce sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya wajabta a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ta ce sashe na 40 ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana, kuma tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba sai an nemi izini ba kafin a yi gangami. Ni da na kai shekara arba'in a ƙasar nan, ranar na fara jin haka. Ta buga wasiƙa, ta doka hatimi, ta kai da kanta, ta dawo da kwafi mai sa hannun wanda ya karɓa. Bayan kwana biyu ta kira ni: yana wuri na biyu da na je, inda aka ce babu shi a littafi.

A nan ne suka ci taurarinsu. Aikin da na yi mako ina yi da roƙo da kuɗi, takarda ɗaya ta yi shi.

Minti biyar aka ba mu. Ya fito ba takalmi, daga shi sai singileti da gajeren wando, leɓɓansa sun tsattsage. Abin da ya fara cewa, "Yaya, Umma ta san ina nan?" Na miƙa masa burodi da madara, bai ci ba, ya cusa a singileti, wai akwai yara a ciki da ba wanda ke zuwa musu. Barista ta ce ya juya ya ɗaga rigar. Shatin bulala ne a jere daga kafaɗa zuwa ƙugu, wasu sun fara ruwa. Ta ƙirga su da baki tana rubutawa, jami'in da ke tsaye yana kallon rufi. Ya ce a cikin ɗakin kwana bi-da-bi ake yi, wasu su tsaya wasu su kwanta. Da suka ji shi tela ne sai tambayar ta koma kan tutar Rasha da wasu masu zanga-zangar suka riƙa ɗagawa, domin a makon an kama teloli a Kano kan zargin ɗinka ta. Shi da tun ranar farko yake hannunsu, kafin ma a fara maganar tutar. Sun sa ya dangwala yatsa a wata takarda ta Turanci da ba a karanta masa ba.

Yanzu ga inda na riƙe tauraro ɗaya. Waya ba sa ɗauka. Sai ka kira sau goma. Na san lauyoyi uku ne kan ɗaruruwan mutane, amma saƙon layi ɗaya ba ya cin awa. Sau biyu na rufe shago na tafi kotu, ashe an ɗage zama, sun sani, ni ban sani ba. Sannan "kyauta" ɗin nan tana da wutsiya: kwafin takardu, takardar rantsuwa, hotuna, kuɗin mota, sun ci mini kusan dubu 35. Ba aljihunsu ya shiga ba, kuma duk abin da ke da rasit sun ba ni, amma da sun faɗa tun farko da na shirya. Na ga wata tsohuwa ta juya gida saboda dubu biyu.

Babban abin da ya tsaya mini shi ne maganar dukan. Ita da bakinta ta ce akwai dokar hana azabtarwa ta 2017, kuma za a bi kadi. Da aka samu beli a kwana na 26, da wasiƙar mai unguwa da kawunmu ma'aikacin gwamnati, sai maganar ta bi ruwa. Daga baya aka kori ƙarar saboda mai gabatarwa ya daina zuwa. Na tuna mata, ta ce, "Malam, ina da mutum arba'in da har yanzu ke ciki. Wanne zan ajiye?" Ban samu amsa ba, amma ban gamsu ba. Wayarsa da dubu 12 na kuɗin ɗinkin mutane da ke aljihunsa ma sun tafi.

Sai ranar 1 ga Nuwamba na gane irin ramin da muka tsallake. A shago muka kalli bidiyon yaran da aka kwasa daga Kano da Kaduna aka kai Abuja, wata uku a tsare, aka gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya da tuhumar cin amanar ƙasa. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, ƙashin haƙarƙari a waje, aka kuma sa belin naira miliyan 10 a kan kowanne. Sai da duniya ta yi ca, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, aka miƙa su ga gwamnoninsu a fadar shugaban ƙasa. Ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a kwanakin zanga-zangar. Ƙanina bai ƙarasa kallon bidiyon ba, ya tashi ya fita.

In ta same ka, Allah ya kiyaye, ka tafi wurinsu a ranar farko, da hoton mutumin, da shaidar shekarunsa, da wanda ya ga kamun. Ka riƙe ɗan canji, ka kuma karɓi lambar magatakardan kotu da kanka.

Bayan Sallah na kai mata shadda yadi biyar. Ta ƙi karɓa. Ta ce in da gaske nake, in sayo musu takardar bugu. Na kai kwali biyu, na tarar da layi har kan matakala.