Horon sassabin zamani da 'yan sa-kai suka kawo ƙauyenmu

Duk manomin da ya ji 'yan sa-kai za su zo yankinsu koyar da sassabin zamani, wato renon tohon kututturen bishiyoyi a gona maimakon a sassabe shi a ƙone, ina ba shi shawara ya ajiye abin da yake yi ya je. Mu nan arewacin Katsina sun zo mana da bazara, gab da sharar gona, kuma kyauta suka yi, ko kuɗin mai ba su nema ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su zo da dashe a leda ba, irin wanda ake rabawa a ɗauki hoto, kafin shekara ta zagayo ya bushe. Cewa suka yi kowa ya wasa addarsa mu haɗu a gona. Malamin ya durƙusa gaban kututturen sabara, wanda duk shekara muke sassabewa mu ƙone, ya ce saiwarsa na nan da rai, ta riga ta kai ga laima a ƙasa. A zaɓi toho uku zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a datse sauran, saran yana yin sama don kada ɓawon ya yage. Haka muka bi kalgo, da aduwa, da magarya. Gawo kuwa ya ce a riƙe shi da hannu biyu, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Dabarar daga maƙwabtanmu ta fito. A Maradi Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya fara ta tare da manoma a 1983, kuma an ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

A gonata sabarar ta wuce tsayina yanzu. Iskar farkon damina ba ta binne mini shuka da yashi kamar da, maiɗakina kuma tana samun itacen girki daga rassan da nake ragewa.

Inda suka gaza, kuma abin yana damuna, shi ne ba su gayyaci makiyaya da masu saran itace ba, mata ma kaɗan aka kira. Bishiyar da ka yi shekara biyu kana reno, dare ɗaya wani zai sare ta. Sai da maigari ya tara mu muka kafa doka da kanmu. In sun zo garinku, ku nemi a yi wannan zama tun ranar farko, kuma ku tambaye su yaushe za su dawo duba aikin.