Wankakku ne ko da saura? Sharhi kan ɗan allon ƙofar injin wanke-wanke

Wanda bai taɓa ajiye injin wanke-wanke a gida ba zai ɗauka wuta da tsadar sabulu ne kaɗai ciwon kansa. Suna ciki, amma abin da ya fi tayar da jijiyar wuya a gidanmu nan Birnin Kebbi wata 'yar tambaya ce da ake ƙwalawa daga kicin: "Na cikin injin nan wankakku ne?" Saboda ita na sayi ɗan allo mai mayen ƙarfe da ake liƙawa a ƙofar injin. Ya ga hunturu a wurin, ya ga bazara, ya ga azumi, don haka na isa in faɗi albarkacin bakina a kansa. Yana da amfani, ba shi da tsada, amma duk wanda ya zauna ya tsara shi bai san ana ɗauke wuta ana tsakiyar wanki ba.

Abin bai kai tafin hannu ba. Roba ce mai ɗan marfi da ake zugewa: ka tura shi gefe guda kore ya bayyana, alamar an wanke, ka mayar ɗaya gefen ja ya fito, alamar da sauran dauɗa. Akwai rubutun Turanci a kai, amma launin ake bi a gidanmu, domin Hajiya, mahaifiyar maigidana, ajami ta iya, autana kuwa bai fara haɗa baƙi ba. Ta intanet na yi odarsa, kuma kuɗinsa bai kai na kwalin sabulun injin guda ba.

Ranar da ya iso ya ƙi kama ƙofar. Ka ɗora, ya sulale ƙasa. Ƙofar injina irin ƙarfen nan ce mai ƙyalli wanda ba ya tsatsa, kuma ba kowane irinsa mayen ƙarfe ke kamawa ba. Wanda aka haɗa da sinadarin nikel, mai lamba 304, yawanci ba ya kamuwa. Mai lamba 430 shi ne ke kamuwa. Masu allon sun san da haka, sun saka wani ɗan fallen ƙarfe mai gam a baya cikin ledar, a manna shi a ƙofa sannan a ɗora allon a kai. Ya riƙe har zuwa Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, ga kuma tururin da injin ke fitarwa ta saman ƙofa. Gam ɗin ya saki, sai da na sake shi da mai ƙarfi. Kafin ki saya, ɗauki kowane mayen ƙarfe da ke gidan ki gwada a ƙofarki.

A wanke-wanken da muka taso da shi babu mai yin wannan tambayar. Masu dauɗa suna jibge a gindin famfo, wankakku suna kife a kwando suna tsanewa. Inda kwano yake shi ke gaya miki halin da yake ciki. Injin ya zo ya haɗa wuraren biyu a akwati ɗaya, ya sa ƙofa ya rufe. Gidan mutum ɗaya ba zai ji komai ba, wanda ya kunna shi ne zai kwashe. Mu kuwa hannu ya yi yawa: ni, da yarinyar da ke taya ni aiki, da ƙanwar maigida da ke karatu a jami'ar tarayya ta nan garin, da yara, da Hajiya idan ta zo daga Argungu.

Farantin da aka ci tuwon shinkafa da miyar kuka a ciki ba ya ɓuya, ko a duhu ka san shi. Mayaudaran su ne kofin da aka sha ruwa kawai, da cokalin shayi, da marfin kula. Wata rana ina shirin kai wa baƙin maigida ruwa na zaro kofunan gilas daga ragar sama, tas da su. Allah Ya sa na ɗaga ɗaya a hasken taga: ga shatin leɓe a bakinsa, da ɗan maiƙon man baki. Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi ƙona rai. Injin ya gama, ba a kwashe ba, wani ya zo ya jefa ludayin miyar manja a ragar sama, ya ɗiga ja a kan wankakkun farantan da ke ƙasa. Irin waɗannan biyun allon ya rage su sosai, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Yara musamman sun ɗauki zuge shi tamkar wasa, har rige-rige suke yi.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ke ƙara dagula lissafin, wato ɗauraye kwano kafin a sa a inji. Hajiya ba ta iya ganin faranti da miya ta rufe shi a akwati. Ta taɓa ce min, "Ɗiyata, in dai sai na ɗauraye, mi ya rage in sa sabulu in gama?" Na ce, "Hajiya, ku bar mishi dauɗarsa, aikinsa ke nan." Takardar da ta zo da injin ma haka ta ce: a kankare ragowar abinci a zubar, kada a ɗauraye. Sabulun injin yana ɗauke da sinadarai masu narkar da sitaci da masu narkar da furotin, kuma injuna da dama suna da na'urar da ke auna gurɓatar ruwa, idan ta ga ruwan garau sai ta taƙaita wankin. Abin da na ƙaru da shi, wanda takardar ba ta faɗa ba, shi ne kwanon da ba a ɗauraye ba yana faɗin kansa da kansa. Tun da muka rage ɗauraya, buɗe ƙofa kaɗai kan ba da amsa.

Sai dai tuwo ba ya jira. A hunturu, ragowar tuwo ko ɗumame ya wuni a faranti sai ya bushe ya kama kamar siminti. Ga shi ba ma kunna injin sai an kawo wuta, domin abin da ke dafa ruwansa yana jan kusan wat 2,000, inbatar solarmu ba za ta ɗauke shi da firij a tare ba. Idan an ɗan kawo wutar da rana kuma injin bai cika ba, nakan sa shi gajeren tsarin nan na ɗauraya da ruwan sanyi, na kamar minti 15, don kada su bushe kuma kada su yi wari. To, a nan dabarar da kowa ke koya wa kowa take rushewa, wai ki duba gindin kofuna, in da ruwa kwance to an wanke. Bayan gajeriyar ɗauraya ruwan yana nan kwance, farantan suna sheƙi, amma ba su ga sabulu ba.

Ɗumi ya fi ruwa gaskiya, amma ba ya daɗewa. Ɗaurayar ƙarshe da ruwa mai zafi sosai ake yin ta, tangaran da gilas su riƙe zafin, ruwan da ke jikinsu ya tashi ya koma ya kwanta a bangon injin da ya fi su sanyi. Roba ba ta riƙe zafi, shi ya sa kofunan yara da marafan kula ke fitowa a jiƙe alhali farantan sun bushe ƙarau. Idan kin ga tangaran a bushe, roba a jiƙe, akwai alamar an yi cikakken wanki. Wannan karatun kuwa ba zan sa ran yaro mai neman kofin koko da safe ya tsaya yin sa ba.

Raunin allon na farko a bayyane yake: ba shi da alaƙa da injin, hannun mutum yake jira. Wanda ya kwashe kwanuka ya manta bai mayar da shi ja ba, ya bar ƙarya a manne a ƙofa, kuma gara babu allo da allo mai ƙarya, tunda an daina dubawa an dogara da shi. Cikin azumi abin ya fi yawa. Tsakanin buɗa-baki da sahur kwanuka ba sa yankewa, kowa a gajiye, ba mai tuna wani ɗan marfi.

Abin da ya fi allon riƙe amana a wurina kyauta ne, yana jikin injin tun asali, wato aljihun sabulu da ke cikin ƙofa. Ƙa'idar da na kafa ita ce duk wadda ta kwashe wankakku, kafin ta bar wurin ta sa sabon dunƙulen sabulu ta rufe aljihun. Injin da kansa yake buɗe shi idan ya shiga babban wanki. Saboda haka aljihu a rufe da sabulu a ciki, ba a wanke ba. Aljihu a buɗe wayam, injin ya yi aiki. Rabin alamar inji ne ke yin ta, shi kuwa ba ya mantuwa. Sharaɗi biyu: hannu da aljihun su kasance a bushe, don dunƙulen yana narkewa ya manne in ya ji danshi, sannan a kula da masu rarrafe, domin sabulun nan kaifi gare shi, yana ƙona baki da ido.

Amma ita ma wannan dabarar tana da inda ta gaza, kuma wurin ɗaya ne da inda allon ya gaza. Tsarin tattalin wuta da ruwa, mai wanki a digiri 50 da ruwa kusan lita 10, yana cin sama da awa 3. Sau da yawa sai dare ya raba ake kawo mana wuta. In kunna, in zuge allon zuwa kore, in je in kwanta. A ɗauke wutar bayan awa ɗaya. Da safe allo ya ce an wanke, aljihun sabulu a buɗe yana ba shi shaida, alhali farantan sun tsaya ne a tsakiyar ruwan sabulu da maiƙo, ba a ɗauraye su ba. Su ba wankakku ba, su ba masu dauɗar da ido ke gani ba. Fuska biyu gare allon, mu kuwa hali uku muke fama da shi, kuma na ukun ne mai haɗari, don a kansa ne mutum zai zuba wa yaro abinci a kan ragowar sabulu.

Ga yadda nake gane shi. In zaro ragar ƙasa in leƙa gindin injin wajen matatar ruwa, wato 'yar ragar da ke tare guntattakin abinci. Idan wanki ya kammala, famfon ciki ya zuƙe ruwan, ɗan kaɗan ne ke saura can cikin ramin matatar. Idan an katse shi, ruwa mai launin toka na kwance a fili, da guntattakin shinkafa suna yawo. Sannan in shafa yatsa a faranti: wankakke yana ɗan kama yatsa har ya yi ƙara, wanda bai gama ba santsi yake yi, ga warin sabulu. Nawa injin yana ci gaba daga inda ya tsaya in wuta ta dawo, amma idan ya kwana ya wuni a haka cikin zafin bazara, ba na yarda da ci gaban, sabon sabulu nake sawa in fara daga farko. Allon kuwa na ƙirƙira masa fuska ta uku: idan na kunna injin sai in tsayar da marfin a tsakiya, rabi ja rabi kore, ma'ana kada kowa ya taɓa sai na duba. Marfin nawa yana da ɗan tauri, yana tsayawa inda aka bar shi. Irin allon da ake juyawa sama da ƙasa ba zai yi wannan ba, shi ya sa nake cewa a nemi mai zugewa.

Na san akwai injunan da ke ƙoƙarin amsa tambayar da kansu. Wasu na kamfanin Bosch suna haska ɗan jan ɗigo a ƙasa muddin suna aiki, ya mutu in sun gama, wasu injunan kuma suna ɗan buɗe ƙofa da kansu a ƙarshe. Buɗe ƙofar ya fi burge ni, don alama ce da ke zama ko babu wuta. Fitila kuwa, a garin da ake ɗauke wuta, mutuwarta ma'ana biyu gare ta.

Ko da komai ya tafi daidai, kore yana nufin injin ya gama zagayensa ne, ba wai kowane kwano ya fita ba. Josephine Cochrane, matar nan 'yar Amurka da ta samu rajistar ƙirƙirar injin a 1886, tangaran ɗinta masu tsada take son tsarewa daga ɓalgacewa a hannun masu wanki, kuma har yau injin ya fi sanin kan tangaran da gilas. Tukunyar tuwo mai ƙanzo sai an jiƙa an bi ta da soson ƙarfe. Tukunyar dalma baƙi take yi a ciki, muciya da ƙwarya tsagewa suke yi, robar da manja ya rina kuwa tana fitowa da launinta ko da ta wanku. Idan na ga tsaki-tsaki a kofuna bayan cikakken wanki, na san matata ta cika ko ƙwayar shinkafa ta toshe ramin farfelar da ke fesa ruwa, sai in cire in zokale da tsinke.

Wadda gidanta ke da hannu da yawa ta saya, mai zugewa, kuma ta haɗa shi da dabarar aljihun sabulu, kada ta dogara da shi shi kaɗai. Wadda ke zaune daga ita sai mijinta, ko mai solar da ke ɗaukar injin har ya gama, ba ta buƙatarsa, ta ƙara kuɗin a na sabulu.